Ƙaramin talibambam ɗan Indiya a tankin haɗaka: abin da na gani

Ƙaramin talibambam ɗin nan da shagunan kifin ado ke kira pea puffer ya cancanci kuɗinsa, amma ba a tankin da aka tara kifaye iri-iri ba. Na sayi shida a wani shago a Abuja, kuma kafin in biya sai da na tambayi mai shagon ko za su zauna lafiya da ƙananan kifayen ado da nake da su, wato guppy da neon tetra. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, dubi girmansu mana, wa za su iya taɓawa?"

Maganar girma kam bai yi ƙarya ba. Babbansu da ƙyar yake wuce santimita 3, kusan ƙwayar gyaɗa. Asalinsu kogunan jihar Kerala ne da kudancin Karnataka a Indiya, kuma kifin ruwan daɗi ne tsantsa, ba ya buƙatar ko ɗigon gishiri. Kallonsu ma abin sha'awa ne. Kowane ido juyawarsa daban, kifin zai tsaya cak a tsakiyar ruwa yana nazarin ganye guda, in ka matso kusa da gilashi ya taso ya zuba maka ido. Sauran kifayena abinci kawai suka sani, waɗannan kuwa har mai ba su abincin suke ganewa.

Sai dai ba a jima ba jelar guppy ta fara yagewa. Ba faɗa suke yi a fili ba. Talibambam zai lallaɓo ta baya a hankali, ya gatsi gefen jela, ya koma cikin ciyawa abinsa. Haƙoransa huɗu ne a haɗe, an yi su don fasa katantanwa, to ina ga jela mai laushi? Neon tetra sun tsira saboda gudu, amma su kuma nasu laifin daban: kafin talibambam ya gama duban abinci sun wawashe. Wato a tanki guda wani na rasa jela, wani na kwana da yunwa. Jatan landen ado da na sa don cin gansakuka kuwa, ƙananansu sun ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Abinci shi ne ainihin ɗawainiyar, kuma mai shagon bai ce uffan a kai ba. Busasshen abincin gwangwani ko kallo bai ishe su ba. Jar tsutsa ta cikin firiza suke ci, da 'ya'yan sauro, da ƙananan dodon koɗi. Jar tsutsar nan in wuta ta ɗauke ta narke, ta tashi daga aiki, don haka na ajiye bokiti ina kiwon dodon koɗi da ganyen latas. Uwargida har yau ba ta daina mitar bokitin ba. Suna kuma ɓata ruwa da guntun nama, ga fatarsu tsirara ba sulke, ƙazantar ruwa na saurin kama su. Dole filta ta yi aiki, a riƙa canja wani kaso na ruwan duk mako, da hunturu kuma a sa hita don ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28.

Da na ware musu tankinsu na lita 60, na cika shi da ciyawa da itace yadda ba sa ganin juna kullum, sai launinsu ya fito, korar juna ta ragu. Mazan sukan kama yanki su tsare, shi ya sa gara mata su fi yawa. Namiji in ya girma ana gane shi da baƙin layi a ciki. In za a sauya musu wuri, a ɗebe su da kofi cikin ruwa, kada a ɗaga su da raga, don in suka kumbura da iska sukan kasa fitar da ita.

Wanda ya ce to bari ya nemi namu na gida, wanda masunta ke kamawa a kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi, ya sake tunani. Wannan yana iya haura santimita 40, kuma shi kaɗai ake ajiye shi, don duk abin da ka sa masa a tanki abinci ne. Akwai wani na kogin Amazon da ya fi haƙuri da maƙwabta, amma haƙoransa na saurin tsawo har sai an datse. Wanda ya fi cutar masu saye shi ne kore mai ɗige-ɗige baƙaƙe, da ake sayarwa yana ƙarami a ruwan daɗi, alhali in ya girma ruwan zartsi yake buƙata. Kafin ka biya, sa mai shago ya rubuta maka sunan kifin na kimiyya. Ƙaramin ɗan Indiya shi ne Carinotetraodon travancoricus, kuma ka nemi a ba shi abinci a gabanka, ka tabbatar yana ci kuma cikinsa bai lotsa ba.