Na sallami babbar motar Jamus na koma Corolla, ga abin da na gani

Masu tare ni a masallaci da wajen ɗaurin aure suna cewa Alhaji ina babbar motar nan, lafiya dai ko, to ga amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Na sayar da ita. Corolla nake hawa yanzu, ƙirar 2015 'yar Amurka, wadda aka rubuta LE a bayanta, injin 1.8, kuma ba karayar arziki ba ce alhamdulillah, gajiya ce kawai na yi.

Ba sai na kira sunan kamfanin tsohuwar ba, wanda ya san ni a Gombe ya san ta, baƙa, ƙirar 2008, silinda takwas. Ranar da take lafiya babu kamarta, ka rufe ƙofa ka daina jin hayaniyar Tashar Dukku gaba ɗaya, ka bi ta kan rami ba ka san ka bi ba. Matsalar ita ce ranakun lafiyar ne suka yi ta raguwa. Ita ba sifirin take da shi a ƙafa ba, jakar iska ce ta roba, akwai kwamfuresa da ke hura ta. Zafinmu da ƙurarmu su busar da robar ta tsage, iska ta riƙa zurarewa, kwamfuresa ya yi ta aiki ba hutu har shi ma ya ƙone. Sai ka fito da safe ka tarar ta durƙusa a tsakar gida kamar raƙumin da ake jira a ɗora wa kaya. Ka gyara ƙafar gaba ta baya ta ce ga ta nan. Ka gama da ƙafa, hasken wani abu ya kama a dashbod, rewaya ya ce sai an sa kwamfuta, kwamfuta ta ce sensa, sensa kuma babu ita a Gombe babu a Bauchi, sai an kira Ƙofar Ruwa a Kano, can ma wani lokaci su ce sai an taɓo Ladipo a Legas. A aiko a motar haya, a ɗaura, ba ita ba ce, a mayar. Mota na gareji ƙura ta rufe ta, ni ina bin Keke Napep da babbar riga.

Duk wannan ina haƙuri ina cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya karya min gwiwa shi ne mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, sannan a watan Yunin shekarar aka saki naira, abu biyu suka haɗe min, ga mai ya ninka ya sake ninkawa ga kayan gyara duk da dala ake lissafinsu. Motar da tsayuwa a danja ma shan mai take yi. Sai na ga ina tsara fita unguwa kamar mai shirin tafiya, in an ce gaisuwar mutuwa a Kumo sai na fara tunanin tanki kafin na yi tunanin mamacin, astagfirullah. Uwargida ta daɗe tana cewa a rabu da ita, ranar da ta bar su a bakin makarantar yara da rana tsaka kam ba ta ƙara magana ba, kallo kawai ta yi min.

To Corolla. Ba zan tsaya ina lissafa muku tana da esi tana da kyamarar baya ba, kowa ya san Corolla, kuma kun san kuɗin da ake sayar da kwatano, wato motar da aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, yanzu ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun abu ɗaya ne da ya faru a hanyar Bauchi.

Na kai Hajiya ganin likita, muka makara, ba mu baro Bauchi ba sai bayan la'asar sakaliya ga hadari ya haɗo. Mun wuce gadar Dindima ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da waifa ba ta iya masa. Wanda ke bin hanyar nan ya san halinta da damina, ramin da ka haddace jiya yau ruwa ya shafe shi. Muna dab da Alkaleri wata tirela ta taho ta hasko ni, na ɗan kauce dama, sai ji na yi gaf! Sitiyari ya fizge, Hajiya tana ta innalillahi, na samu dai na gangara gefe. Na fito da fitilar waya, taya ta fashe, rim ya lanƙwashe, kuma ƙafar ta karkace ta yadda ko an sa safaya ba za ta tafi daidai ba.

Wallahi abin da ya fara zuwa min a rai shi ne janwe. Jikina ya saba, shekarun da na yi da waccan motar sun koya min cewa in abu ya faru a hanya to sai a nemi inda za a kwana, a nemi wanda zai zo ya ɗauki iyali, mota kuma a ɗora ta a bayan wata. Har na fara neman lambar ƙanena a Gombe. Wani ɗan acaɓa da ya fake a ƙarƙashin bishiya ya matso ya leƙa ya ce Alhaji bari na ɗauko maka bakanike, na ce a wannan ruwan? Ya ce yanzu ma kuwa.

Ya dawo da wani yaro, ba zai wuce shekarun babban ɗana ba, da jak da 'yan sifanu a cikin buhun shinkafa. Ya gaida Hajiya tukuna, sannu Mama, Allah ya tsare gaba. Ya shimfiɗa buhun a cikin taɓo ya kwanta ya kama tayar ya girgiza, ya ce boljoyin ne ya fita, tarod ma ya ɗan tanƙware. Na ce to yanzu sai Gombe ko Bauchi kenan? Ya ɗago kai ya dube ni yana dariya, ya ce haba Alhaji, Corolla ce fa. Ya kwance ya hau bayan acaɓan suka koma cikin gari, mai shagon ya rufe ya tafi sallar magariba suka jira shi a ƙofar masallaci ya dawo ya buɗe. Ni da Hajiya muka yi tamu sallar a gefen hanya da ruwan ya tsagaita. Kafin a kira isha'i yaron nan ya ɗaura kaya, ya sa safaya, ya gwada daidaiton ƙafar da igiya, ya ce na tafi a hankali gobe na kai alaimen. Da ya faɗi kuɗin kaya da na aiki sai da na sa ya maimaita, na ɗauka bai haɗa da kayan ba. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai abin da nake ba mai kwamfuta don ya duba waccan kawai ya gaya min ciwonta ba. Na ƙara masa, na sallami ɗan acaɓa, Hajiya ta yi ta sa musu albarka. A gida muka ci tuwon dare.

Ranar nan, da a ce an ce na ba ta maki sai na ba ta goma bisa goma na ƙara da goro. Ga mai kuma, tankinta lita 50 ne, na cika a Gombe na je Bauchi na dawo, wajen kilomita 300 kenan, da esi a kunne, allura tana wajen rabi. Waccan ma rabin tanki take sha a wannan tafiyar amma tankinta ya kusa ninka wannan.

Sai dai fa yaron nan kafin ya fito daga ƙarƙashin motar ya faɗi wata magana da har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ya haska can tsakiya ya ce Alhaji, ina indomin motarka? Na ce indomi kuma? Ya ce leƙo ka gani. Na durƙusa na leƙa, wurin da tukunyar nan ta salansa ya kamata ta kasance an yanke an jona guntun bututu, waldar ma ko tsatsa ba ta gama yi ba. Ga wanda bai sani ba, ita ce ke tace hayaƙi kafin ya fita, akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinom, shi ya sa ake yanke ta a sayar daban. Kuma dillalin da ya sayar min, mutumin da muke gaisawa, ya dafa bonet ya rantse min ba a taɓa ko noti ɗaya ba tun da ta sauko daga jirgi. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa.

Da na kai wa rewaya na a Gombe abin ya ƙara fitowa. Ya ce in an cire indomi dole hasken cek injin ya kama, saboda akwai sensa a bayanta da ke auna hayaƙin. Ya ce murɗa makulli kar ka tayar. Na murɗa, fitilu duk suka kama, na batir, na baƙin mai, na birki, banda wannan. Ya kwance mitar, sai ga ɗan baƙin salatif an manna a kan fitilar daga ciki, an yanka shi daidai wa daida, wanda ya yi aikin ya natsu ya yi shi. Mutum ya zauna ya ɓata lokacinsa don ya cuci ɗan'uwansa musulmi, kuma ranar Juma'a sahun gaba. Daga nan na sa aka duba lambar shasi a intanet, motar dai gwanjo aka yi ta a Amurka bayan an buge ta a baya, wannan bai dame ni ba don yawancin kwatano haka suke, amma tafiyar da aka rubuta mata a can ta fi wadda ke kan mitar yanzu nesa ba kusa ba. Wato an mayar da mita baya. Mil ne fa ba kilomita ba, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ku lissafa.

Na san wani zai ce ai ba laifin motar ba ne. Haka ne, amma ni kuɗi ɗaya na biya, kuma tun daga ranar duk ƙarar da na ji sai gabana ya faɗi na ce me kuma suka cire. Da safe in na tayar akwai warin hayaƙi da bai kamata ba, uwargida ta fara cewa yana sa mata ciwon kai. Kuma tunda an fara faɗin gaskiya bari na ƙarasa, har yanzu jikina bai manta waccan ba. Doguwar tafiya, irin Gombe zuwa Kano ta Dukku da Darazo, da can sai na sauka na wuce harkokina, yanzu sai na ɗan miƙe bayana tukuna. In tirela ta wuce ka ji iska ta ɗan taɓa ka. In an cika ta da yara da buhun masara a but sai ka bi tudun rage gudu a karkace. Ƙaramar mota ce, ba ta ce min ita babba ba ce, amma wanda ya sauko daga sama zai ji a jikinsa.

Sai kuma mutane. Maigadin da da can tun daga nesa yake wangale get yana ranka ya daɗe, yanzu sai ya zo ya leƙa gilashi ya ce wa kake nema. A shingen hanya da can hannu ake ɗaga min, yanzu faka, kawo takardu, ina na kwastan, buɗe but. Akwai ranar da na tsaya a Tumfure ina amsa waya wata mata ta buɗe ƙofar baya ta shigo da kayanta ta ce Pantami. Na yi dariya amma abin ya ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Ga tsoron ɓarayi, waccan ko a buɗe na bar ta ba mai ɗauka don bai san inda zai kai ta ba, wannan kuwa saboda kayanta na tafiya a kasuwa kowa na gaya maka ka yi hankali, dole na sa tiraka da ƙarfen sitiyari, in na shiga kasuwa rabin hankalina na waje.

Abu ɗaya da zan ja kunnen duk wanda zai sayi irin wannan, giyarta ba irin ta tsofaffin Corolla ba ce. CVT ce, bel ne na ƙarfe a ciki, shi ya sa ba ka jin tana canja giya sai dai ta yi ta ja sumul. Tana da manta na musamman, CVT FE ake rubutawa a jikin galan, in ka bari wani ya ɗura mata jan man giya na gama-gari to ka fara tara kuɗin giyabos. Ba ta ma da sandar duba man giya, don haka wanda ya ce maka ya duba da ido ƙarya yake. Baƙin mai kuma 0W-20 aka rubuta a kan murfin, siriri ne, masu juye za su ce maka wai zafin arewa sai mai kauri, ni dai abin da aka rubuta nake sawa kuma a gabana ake fasa galan. Taimin ɗin injin sarƙa ne ba bel ba, wannan ciwon kan babu shi.

Ko zan koma waccan? A'a. Kullum na murɗa makulli tana tashi, yara ba su ƙara makara ba, na daina ajiye lambar mai janwe a sahun farko. Amma goman nan da na bayar a hanyar Alkaleri na janye biyu ko uku, kuma duk wanda zai sayi kwatano a garin nan ya je da bakanikensa, ba na dillali ba, a ɗaga ta a shiga ƙarƙashi da fitila, a murɗa makulli a ƙirga fitilun dashbod, a duba lambar shasi kafin a tura ko sisi.

Shi kuma dillalin nawa da na je masa da hoton waldar da guntun salatif ɗin a hannu, da farko ya ce a tashar jirgi aka yi, daga baya ya ce direban da ya taho da ita daga Legas ne, da na ce to mu je gaban shugaban dillalai sai ya ce Alhaji ai ba za mu yi haka da kai ba, a nemo wata indomin zai biya rabi. An samo a Ƙofar Ruwa, na tura masa hoto da farashi da lambar akawun, ya buɗe saƙon ya gani. Har yanzu ban ji alat ba, kuma ranar Asabar in sha Allahu a bakin shagonsa zan karya kumallo.