5-hour Energy: ƙaramar kwalba mai ƙarfin gaske

Abin shan ƙara kuzari na 5-hour Energy ya shiga kasuwar Amurka a shekarar 2004, kuma kwalbarsa ba ta wuce mililita 57 ba, kurɓa biyu ta ƙare. Sai dai a cikin wannan ɗan ruwa akwai kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi da goro, kimanin miligiram 200, wato rabin adadin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce lafiyayyen baligi zai iya sha a yini.

Na sha shi da hantsi bayan na karya kumallo. Yana da zaƙi sosai duk da cewa babu sukari a cikinsa, sannan ɗacin kafeyin ya biyo baya a maƙogwaro. Cikin rabin awa gyangyaɗi ya kau, idona ya washe, na yi aiki har la'asar ba tare da kasala ba.

Ina ganin yana da amfani ga baligi mai aiki a gabansa, amma bai dace da yara da masu juna biyu ba, kuma mai hawan jini ya fara tuntuɓar likita. Wanda ya sha shi da yamma kuwa, barcin dare zai yi masa wuya.