Kwalin kafso ko littafin jinya: wanne za a fara ajiyewa?

Hajiya, kin ce garinku da an yi ruwa kwana biyu hanya ta yanke, asibiti kuma da nisa. Kuɗin hannunki ba yawa, kina tambaya ko ki tara magungunan antibayotik irin su Amoxil da Flagyl da Septrin kafin damina, ko ki sayi littafin da ke koyar da jinya a gida. Ni dai littafin zan fara saye.

Ba wai na raina kwalin maganin ba ne. In ciwon huhu ya kama yaro, ko rauni ya ruɓe, antibayotik na ceton rai. Sai dai ƙwaya ba ta gaya miki ciwon da ke gabanki. Zazzaɓin da ya fi kwantar da mutane da damina na cizon sauro ne, Amoxil kuwa ba ruwansa da shi. Mura ma haka, bairos ke kawo ta. Ko kwalara da ake fargaba bayan ambaliya, irin wadda ta afka wa Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Ruwan gishiri da sukari ne a gaba, kafso na baya.

Ga kuma wahalar ajiya. Duba jikin kwali, za ki ga an ce kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, alhali ɗakin kwano da bazara sai wanda ya kwana ciki. Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa, sati ɗaya zuwa biyu ya tashi aiki. Tetracycline ba na mai ciki ba ne, ba kuma na yaron da bai kai shekara 8 ba. Wani jikinsa ba ya karɓar dangin penicillin, ƙwaya ɗaya sai numfashi ya sarƙe. Kuma mun san halinmu: muddin magani na cikin durowa, wani zai sha biyu don ciwon kai, a bai wa maƙwabciya uku. Da haka ƙwayoyin cuta ke koyon bijire masa. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne wannan bijirewa ta kashe a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Littafi kuwa zafi ba ya ɓata shi, ba ya neman caji. Wanda aka fi sani shi ne Where There Is No Doctor na David Werner, da ya rubuta domin ƙauyukan Meziko, na Turancinsa ya fito a 1977. Irinsa ne zai koya miki ƙirga numfashin yaro mai tari: ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ciwon huhu ake zargi, a nemi hanyar asibiti ko a kwalekwale ne. Aibinsa biyu. Takarda ba ta warkarwa, sannan tsohon bugu na iya ɓatar da ke, don wani har yanzu chloroquine yake ambata a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, wadda Najeriya ta daɗe da sauya ta da haɗin magungunan da ake kira ACT. Ki nemi sabon bugu, na takarda, ki naɗe a leda.

Canjin da ya rage ki sayi ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) da zinc don gudawa, paracetamol, ma'aunin zafin jiki, abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganin tsabtace ruwa. In akwai mai larurar da ke yawan dawowa a gidan, ki kai shi wurin ma'aikacin lafiya tun hanya na da kyau. In ya ga dacewar ajiye antibayotik, ya rubuta sunan mai shi da adadin sha a jikin kwalin, ki saya a kemis mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.