Asabar huɗu a kan keken haya da kyamara a ƙirji: yadda na ga tafiyar 'yan keken Bauchi

Sana'ata ɗaukar hoton biki. Amarya da ango in ka ce su tsaya za su tsaya, in hoton bai yi ba a sake. Tsuntsu kuwa bai san wannan zancen ba. Shekara biyu ke nan da na kamu da son ɗaukar tsuntsu yana cikin tashi, kuma abin da ke ba ni wahala bai wuce isa wurin ba: mota ba ta shiga ko'ina, babur kuma ƙararsa ke tashin tsuntsayen tun kana nesa. Da yaron shagona ya nuna mini a WhatsApp cewa wasu matasa a nan Bauchi suna shirya fita da keke duk ranar Asabar, har da hayar keke ga wanda ba shi da nasa, sai na ce bari in gwada. Na bi su sau huɗu, daga ƙarshen hunturu zuwa shigowar bazara. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, don akwai yabo a bakina, akwai kuma ƙorafi.

Abin da kuɗinka ke saya shi ne keke mai giya, hular kwano, ruwan sha, da mutum biyu a kan babur, ɗaya a gaba yana tare hanya, ɗaya a baya ɗauke da famfo da kayan faci. Kuɗin bai kai abin da nake kashewa a mai in na fita da mota ni kaɗai ba, don haka a nan ba ni da ta cewa.

Keken da aka ba ni ranar farko ɗan gwanjo ne, giya uku a gaba, bakwai a baya. Ni da na girma a kan Raleigh na mahaifina, wanda in ka zo tudu sai dai ka sauka ka tura, na ɗauka giya ado ce. Jagoran tafiyar, yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, ya dube ni ya ce, "Kawu, kar ka bari sai ka hau tudun sannan ka canza. Tun kana ganinsa ka saukar da sarƙar kan ƙaramin faranti na gaba, ta baya kuma ka kai ta babba. In ka canza kana danna feda da ƙarfi, sarƙar za ta zame." Ya kuma ɗaga mini sirdi har sai da ƙafata ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa. Na ce masa zan faɗi. Ya ce, "Ba za ka faɗi ba Kawu, gwiwarka ce za ta gode maka gobe." Gaskiyarsa. Wannan bayanin na minti biyar shi kaɗai ya biya kuɗin ranar.

Fitar farko madatsar ruwan Gubi muka nufa, wadda garin Bauchi ke sha daga gare ta, ta hanyar Ningi. Hanya ce mai sauƙi, hawa da gangara kaɗan kaɗan. An ce a hallara ƙarfe 6, ba mu tashi ba sai bayan 7, ana jiran waɗanda suka makara ana kuma neman iskar taya. Ga mai motsa jiki awa ɗaya ba komai ba ce. Ga mai hoto kuwa asara ce, don hasken da nake nema shi ne na farkon fitowar rana, lokacin da balbela ke barin makwancinta garke garke. Da muka isa rana ta riga ta ɗaga, farin balbela ya zama kamar takarda, babu gashi babu inuwa. Farin tsuntsu a rana sai ka rage wa kyamara haske, in ba haka ba fuka-fukin su ƙone a hoton, kuma abin da ya ƙone ba ya gyaruwa a kwamfuta. Na samu zalɓe ɗaya da ya tashi daga bakin ruwa, wuyansa a naɗe kamar yadda suke yi in suna tafiya a sama, da wasu kirinjijiya da suka wuce suna fito. Sauran duk bayan tsuntsu na ɗauka, don mai babur na gaba ya ga abin burgewa ne ya danna oda da muka iso.

A ranar na gane abin da ya kamata in gane tun a gida. Waɗannan yaran tafiya suke sayarwa, ni kuma tsayuwa nake nema. Suna tsayawa ne minti biyar, a sha ruwa, a ɗauki hoton juna da waya, sai ka ji "mu je, mu je." Akwai ma wanda ya ɗaura ƙaramar lasifika a kan kekensa yana sakin kiɗa tun daga gari. Ban ga laifinsa ba, nishaɗi ya fito, amma duk kurciyar da ke tsakanin Bauchi da Gubi ta san da zuwanmu.

Sai maganar ɗaukar kaya. Kyamarata da idonta, wanda mu masu hoto ke kira lensi, mai zuƙowa daga milimita 100 zuwa 400, sun ɗan haura kilo ɗaya. Ranar farko a jakar goyo na sa su. Kafin in tsaya, in sauke jaka, in zuge, in cire murfi, tsuntsun ya kai Ganjuwa. Mako na biyu na ɗaure kyamarar a ƙirji da maɗauri mai kama da na goyon yaro, hannu ɗaya ya isa in zaro ta. Wannan ya yi, amma a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da hawa kawai. In za a gangara ina mayar da ita jaka, don in ka faɗi da ita a ƙirji, kai da ita duk sai an kai ku gyara. Kekunan nasu babu mai kariyar ɗaukar kaya a baya ko ɗaya, babu inda za ka ɗaura komai, ko gorar ruwa wasu ba su da mazauninta.

Fita ta biyu hanyar Jos muka bi, wajen Zaranda. Dutsen yana da kyau, hanyar kuwa ba zan sake binta da keke ba ko kyauta ne. Tirela da tankar mai suna wuce ka iskarsu na jijjiga ka, hankalinka duk yana kan kwalta, ina ka ga ta kallon sama. A nan dai na yaba musu: sun jera mu ɗaya bayan ɗaya, mai babur na baya ya sa riga mai ƙyalli ya tsare mu, kuma wani saurayi da ya rataye hularsa a hannun keke sai da jagoran ya tsayar da tafiyar gaba ɗaya har ya sa ta. Hulunan dai a riƙa wanke su, don Allah. Wadda aka ba ni ranar tana ɗauke da zufar mutum uku.

Hanyar Dass ce ta sa na rubuta wannan sharhin, kuma sau biyu muka bi ta. Ka fita ta Yalwa, ka wuce Gwallameji da Bayara, gidaje su fara raguwa, duwatsu su fara matsowa kusa da hanya, har can gaba ka hango duwatsun Mbula. Hawan ba irin mai tsayin nan ba ne da zai kashe ka lokaci ɗaya. Ka hau, ka gangara, ka sake hawa, kowane tudu yana cin ɗan abin da na baya ya rage maka. A karo na farko giyar kekena ta riƙa tsalle a tsakiyar hawa, sarƙa ta faɗi sau biyu. Mai gyaran da ke bayanmu ya ɗaure wayar giyar a gefen hanya cikin minti kaɗan, ya kuma yi wa mutum biyu faci, don tsidau ba ya raga wa taya da zarar ka sauka daga kwalta. Yaron nan ya san aikinsa. Abin da ban gane ba shi ne me ya hana a duba kekunan tun daren Juma'a.

Ga abin da babu wanda ya gaya mini. In ka gama hawan tudu, zuciyarka na bugawa, numfashinka na fita sama sama, hannunka ba naka ba ne. Lensi mai milimita 400 a kan irin kyamarata yana zuƙowa kamar 600 ne, kuma yadda yake ƙara girman tsuntsu haka yake ƙara girman rawar hannunka. Na ɗaga kyamara a kan wata cilakowa da ta taso daga bishiya, tana irin tafiyarta ta kaɗa fiffike ta saki, ta yi ƙasa ta yi sama, na kasa ko riƙe ta a cikin firam. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi tana taimakon hannu, amma ba ta tsayar da fiffike. Saurin ƙyaftawar kyamara ne kaɗai ke yin wannan: kashi 1 cikin 2000 na daƙiƙa ga yawancin tsuntsaye, tsattsewa kuwa sai ka kai 1 cikin 4000, in ma ka iya bin ta. Jikina yana buƙatar minti uku ko huɗu kafin ya natsu, daidai lokacin da ake cewa a hau a tafi.

A Asabar ta huɗu na canza dabara. Na samu jagoran tun kafin a tashi na ce, "Ɗana, in mun kai wancan dutsen da muka huta makon jiya, ku bar ni a nan. Ku je ku juyo ku same ni." Ya ɗan yi jim, ya ce ƙa'idarsu ba a barin kowa a baya. Na ji daɗin wannan amsar fiye da yadda ya zata. A ƙarshe muka daidaita, mai gyara ya zauna da ni, ya kashe babur.

Muka jingine keke, muka hau wani falalen dutse da ƙafa. Wajen ƙarfe 10 dutsen ya ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi daga jikinsa, ita ce shirwa ke hawa tana kewaya ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Daga ƙasa, hoton shirwa baƙin abu ne a kan farin sama, sai ka ƙara haske kafin ka ga cikinta. Daga kan dutse kuwa sai ga ta daidai idona, wani zagayen ma a ƙasa da ni, ina kallon bayanta, ga gonaki a ƙarƙashinta. Na juya wa rana baya, na yi sa'a iskar ma daga bayana take, tsuntsu kuma iska yake fuskanta in zai tsaya a sama ko zai sauka, don haka fuskarta tana wajena. Na ga yadda take murɗa jelar nan mai baki biyu tana juya jiki da ita. Na ɗauki sama da ɗari biyu, na ajiye shida. Ɗaya daga ciki, inda ta karkato kai tana duban ƙasa, yanzu yana rataye a shagona a tsakanin hotunan amare, kuma ya fi su jawo tambaya. Mai gyaran da ya fara zaman yana danna waya, kafin awa ta cika shi ke nuna mini, "Kawu, ga wata can ta taso ta hagunka."

Abu ɗaya na yi ta dubawa a sama duk makonnin nan ban gani ba, ungulu. Muna yara ba a ƙirga su a mahauta da bayan kasuwa. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu farautarta don sayar da sassan jikinta ga masu magani. Na tambayi samarin nan, akwai wanda ya ce shi a hoto kawai ya taɓa ganinta.

To, wa zan ce ya je? In motsa jiki kake so da abokan hira, ka ga bayan gari, a dawo a ci masa da miyar taushe, je ka, ba za ka yi da-na-sani ba, kuma ko ka shekara ashirin ba ka hau keke ba za su lallaba ka. Ka dai gwada birki da giya kafin a tashi, kar ka karɓi keke don launinsa, kuma a gangara ka riƙe birki biyun tare, kar ka damƙe na gaba shi kaɗai. In hoton tsuntsu ne ya kawo ka, kar ka bi ayari har ƙarshe. Ka yi magana da jagoran tun farko, ka zaɓi dutse ɗaya ko bakin ruwa ɗaya, ka zauna. Kar ka canza lensi a waje in akwai ƙura, ka sa wanda za ka yi aiki da shi tun daga gida. Da za su ji tawa, da sun ware fita ɗaya a wata ta mutum biyar ko shida, a tashi da an idar da sallar Asuba, babu kiɗa babu oda. Na gaya wa jagoran haka, ya ce zai tuntuɓi sauran.

Na riga na biya kuɗin wata Asabar ɗin a farkon damina. Shamuwa na hanya, kuma ita ba kamar zalɓe ba, wuyanta a miƙe take tashi. Akwai wata kuka kafin Bayara da mai gyaran ya ce bara sun yi sheƙa a kanta.