Na sayi faifan Brötzmann ɗaya, aka aiko min da wani

Abin da na biya kuɗinsa shi ne The Wels Concert, wasan da Peter Brötzmann, Bajamushe mai busa saksofon, ya yi a garin Wels na Ostiriya a 1996 tare da Mahmoud Gania, gwanin kiɗan gargajiya na Gnawa daga Essaouira ta Maroko, da makaɗin ganga Hamid Drake. Maganar gaskiya don Gania na saya. Duk wanda ya taɓa jin gimbirinsa, wato abin kiɗansa mai tsirkiya uku, zai tuna da garayarmu, kuma 'yan Gnawa har yau suna ambaton Hausawa a cikin waƙoƙinsu. Na so in ji yadda Bajamushe mai busa saksofon zai sami wurin shiga a irin wannan kiɗa.

Sati shida ina jira, ga kuɗin aikawa da kun san yadda ya koma yanzu. Ranar da saƙon ya iso na buɗe da zumuɗi, sai na tarar da Machine Gun, faifan Brötzmann na 1968, ga kuma robar a tsage ta gefe ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Nan take na rubuta wa mai sayarwa, na haɗa masa da hoto.

Washegari za mu Zariya gaisuwa, na ce bari dai in saka shi a mota tunda ya riga ya zo. Jama'a, ban taɓa jin faifai ya fara haka ba. Babu sallama, babu share fage. Masu busa uku ne suka fashe lokaci guda, suna sara sauti ɗaya a jere kamar ɓarin wuta, ganguna na biye da su. Uwargida ta dafe ƙirji ta ce, "Maigida, lasifikar nan ta fashe, kashe ta." Yarinyarmu a baya ta toshe kunnuwa. Ko Kwanar Dangora ba mu kai ba na cire shi na jefa a aljihun mota, ina ƙirga asarar da na yi.

Bayan kwana takwas na dawo daga aiki da dare, na tsaya a ƙofar gida ban fita daga motar ba. Ranar an ɓata min rai a wurin aiki, ba na son shiga gida da wannan fuskar. Na mayar da faifan, na ƙara murya, na bar shi ya tafi. Kiɗan farko ya kai minti goma sha bakwai, kuma a wannan karon ban taɓa maɓalli ba. Sai na fara rarrabe mutanen da ke ciki. Su takwas ne: Brötzmann da Evan Parker na Ingila da Willem Breuker na Holan a kan busa, makaɗan ganga biyu, Han Bennink da Sven-Åke Johansson, masu babbar goge biyu, da Fred Van Hove a kan fiyano. Abin da na ɗauka hayaniya ce ashe da tsarinta. Suna haɗuwa su sara tare, su watse, ɗaya ya fito shi kaɗai ya yi kukansa, sauran su rufe shi. Can wajen ƙarshe, daga cikin wannan ƙura, sai ga wani ɗan amo mai daɗi irin na rawa ya ɓullo, kamar mutanen da suka gama faɗa suka faɗa wa juna da dariya. Tsigar jikina ta tashi. Na shiga gida zuciyata wasai.

Tun daga ranar nake bin labarin mutumin. A Remscheid aka haife shi a 1941, tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tashi cikin Jamus da aka ragargaza, cikin samarin da ke fushi da abin da iyayensu suka aikata a zamanin Hitila. Zane ya karanta a Wuppertal, har ya taimaka wa mai fasaha ɗan Koriya Nam June Paik a baje kolinsa na 1963 a wannan gari. Busa kuwa shi ya koya wa kansa. Bangon faifan nan ma zanensa ne, kuma da kansa ya fitar da shi a ƙarƙashin tambarinsa BRÖ, yana sayarwa a wuraren wasa. Sunan Machine Gun laƙabi ne da Don Cherry, Ba'amurke mai busa kakakin jaz, ya sa masa saboda yadda yake busa. Daga baya ya yi ƙungiyar Last Exit da su makaɗin jita Sonny Sharrock a shekarun 1980, ya jagoranci ƙungiyarsa ta Chicago Tentet daga 1997 zuwa 2012, bai ajiye kaho ba sai da numfashi ya gaza masa. Ya rasu a Wuppertal a watan Yunin 2023 yana da shekara 82.

Aibin faifan shi ne ɗaukar sautin. A wani gidan rawa na Bremen mai suna Lila Eule aka naɗe shi a watan Mayun 1968, kuma ana jin haka: fiyanon Van Hove sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinkayo shi, manyan gogen biyu sukan cakuɗe su zama gurnani ɗaya. Kada wanda ke neman jaz na hutawa bayan la'asar ya kusance shi, kuma kada a kunna shi da yara a mota.

Sai dai duk wannan daɗin bai wanke mai sayarwa ba. Saƙo uku na aika. Na farko aka ce a yi haƙuri za a duba, na biyu da na uku shiru. Da na matsa, sai aka ce in mayar da faifan da kuɗina kafin a aiko wanda na saya, alhali kuskuren nasu ne, kuma kuɗin mayarwar ya kusa kai kuɗin faifan. Ba zan mayar ba, domin yanzu ba na son rabuwa da shi, amma ba zan sake sayen komai a wurinsu ba. Robar da ta tsage na ɗaure ta da salatif. Faifan Gania kuwa, wanda ya san inda zan same shi a hannun mai amana, don Allah ya sanar da ni.