Crawford da Schimel: wa ya fi dacewa da kujerar alƙalanci a Wisconsin?

Malam, ka yi tambaya a zaure cewa ka ji an yi zaɓen alƙali a jihar Wisconsin ta Amurka har Elon Musk ya zuba kuɗi, to tsakanin 'yan takarar biyu wa ya fi gogewa, kuma me kowannensu ya ɗauka shi ne adalci. Na bi zaɓen nan tun farko har aka ƙirga ƙuri'u, ga yadda na gan su.

Kujerar da aka yi takara a kanta ta kotun ƙolin jihar ce, mai alƙalai bakwai, kowanne da wa'adin shekara 10. A can jama'a ne ke zaɓar su da ƙuri'a, saɓanin Najeriya inda Majalisar Shari'a ta Ƙasa ke miƙa suna, gwamna ko shugaban ƙasa ya naɗa. Takardar ƙuri'ar ba ta ɗauke da alamar jam'iyya, amma kowa ya san gidan kowa: 'yan Dimokurat na bayan Susan Crawford, 'yan Rifablikan na bayan Brad Schimel. An yi zaɓen ranar 1 ga Afrilu 2025, domin cike gurbin Ann Walsh Bradley da ta yi shekara 30 a kotun. A lokacin masu sassaucin ra'ayi huɗu ne, masu ra'ayin mazan jiya uku, kuma Bradley na cikin huɗun. Ke nan wanda ya ci kujerarta shi zai karkata kotun gaba ɗaya.

A takarda dai babu mai raina wani. Dukansu alƙalan kotun gunduma ne a lokacin takarar, ita a Dane, shi a Waukesha. Hanyar da kowa ya bi ya iso nan ce ta bambanta.

Schimel ɗan kotun laifuka ne tun tashinsa. Ya gama karatun lauya a Jami'ar Wisconsin a 1990, ya shiga ofishin mai gabatar da ƙara na Waukesha, a 2006 aka zaɓe shi shugaban ofishin. A 2014 ya ci zaɓen antoni-janar na jiha a tutar Rifablikan, a 2018 Josh Kaul ya kayar da shi da ƙaramar tazara, sai gwamna Scott Walker, wanda shi ma ya faɗi a wannan zaɓen, ya naɗa shi alƙali kafin ya bar ofis. Mutum ne da ya yi fiye da shekara 20 yana zama da waɗanda aka zalunta da iyalansu, kuma yana antoni-janar ya yi gangamin wayar da kai kan ƙwayoyin kashe zafi da suka hallaka matasa da yawa. Sai dai a zamaninsa ne aka yi ta ƙorafin jinkirin gwada dubban samfuran shaidar fyaɗe da ke jibge ba a taɓa su ba. Shi ya ce ya gaji tarin ne daga na baya, kuma a hannunsa aka kammala gwajin a 2018. Abokan hamayyarsa suka ce shekarun farko sun tafi a banza. A zamaninsa ne kuma Wisconsin ta haɗa kai da Texas suka jagoranci ƙarar neman rushe dokar inshorar lafiya ta Obama.

Crawford ta gama karatun lauya a Jami'ar Iowa a 1994. Ta yi aiki a ma'aikatar shari'a ta jiha, inda ta riƙa kare hukuncin laifuka a matakin ɗaukaka ƙara, ta yi aiki a hukumar gidajen yari da ta albarkatun ƙasa, daga baya ta zama babbar lauyar gwamna Jim Doyle ɗan Dimokurat. Da ta koma lauya mai zaman kanta, ta tsaya wa ƙungiyar malaman makaranta ta Madison, da ƙungiyar mata masu zaɓe, da Planned Parenthood, ƙungiyar da ke kula da tsarin iyali da zubar da ciki. A 2018 ta tsaya takarar alƙalanci ta ci da ƙuri'a.

A nan ina ganin ta ɗan ɗara shi. Kotun ƙoli ba ta sauraron shaidu, ba ta kallon idon wanda ake tuhuma. Aikinta karatun takardu ne, da fassara doka da kundin tsarin mulki, kuma shari'o'in da ke isowa gare ta sun haɗa da ikon gwamna, shata mazaɓu, haraji, ƙwadago, muhalli. Crawford ta taɓa yawancin waɗannan da hannunta. Gogewar Schimel mai zurfi ce, amma nauyinta ya fi karkata ɓangaren laifuka.

To batun ra'ayi fa? Tun hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2002 aka bai wa 'yan takarar alƙalanci damar faɗin ra'ayinsu a fili, shi ya sa muka ji su sosai. Schimel ya ce aikin alƙali ya bi abin da doka ta ce, ya bar wa majalisa yin doka, kuma ya zargi huɗun da ke da rinjaye da shigar da siyasa cikin hukunci. Crawford ta fi magana kan kare haƙƙin ɗan ƙasa da tsare kotu daga masu kuɗi.

Wurin da bambancin ya fito fili shi ne dokar 1849 da ta hana zubar da ciki, wadda ta sake farfaɗowa bayan kotun ƙolin Amurka ta soke, a shekarar 2022, hukuncinta na 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki. Schimel, wanda shi da matarsa suka ɗauki riƙon 'ya'ya mata biyu, bai ɓoye cewa yana adawa da zubar da ciki ba. Ya ce tsohuwar dokar na nan daram, amma makomar batun a hannun masu ƙuri'a ya kamata ta kasance. Crawford ta ce lamari ne na mace da likitanta. Ba zan ɓoye maka ba, Malam, a wannan batu zuciyata ta fi kusa da Schimel. Amma tambayar da ke gaban kotun ita ce ko dokokin da majalisa ta yi daga baya sun shafe ta 1849, kuma wannan aikin karatun doka ne. Ba na son alƙalin da ya riga ya yanke shi a dandalin kamfen, ko da ya yanke yadda nake so.

Kan dokar 2011 da ta karya ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati, da kuma wata dokar da ta wajabta nuna katin shaida mai hoto kafin zaɓe, ita ta yi shari'ar neman soke su tana lauya, shi kuma yana goyon bayansu. A batun laifuka kuwa tallan talabijin ya ɓata maganar: ɓangaren Schimel ya yi ta nanata ɗaurin shekara huɗu da ta yanke wa wani mai cin zarafin yarinya bayan masu gabatar da ƙara sun nemi goma, nata ɓangaren ya yi ta zaƙulo sasancin da ofishinsa ya yi da masu laifi. Hukunci ɗaya daga cikin ɗaruruwa ba ya nuna alƙali.

Abin da ya fi damuna kuɗi ne. An kashe sama da dala miliyan 100, mafi tsada a tarihin zaɓen alƙali a Amurka. Musk da ƙungiyoyinsa sun zuba fiye da miliyan 20 don Schimel, kuma kwana biyu kafin zaɓe ya je birnin Green Bay ya miƙa wa mutum biyu cakin dala miliyan ɗaya ɗaya. A daidai lokacin, kamfaninsa Tesla na da ƙara a kotunan jihar kan dokar da ta hana mai ƙera mota buɗe shagon sayarwa da kansa. Trump ya mara wa Schimel baya, shi kuma ya rungumi wannan goyon baya a fili. Ita ma ba ta tsira ba: attajiri George Soros da gwamnan Illinois JB Pritzker sun ba jam'iyyar Dimokurat ta jihar maƙudan kuɗi, jam'iyyar ta tura mata miliyoyi, kuma ta bayyana a wani taron masu ba da gudummawa da aka tallata shi a matsayin damar da Dimokurat za ta samu ƙarin kujeru biyu a majalisar wakilan Amurka.

Malaman fiƙihu sun hana alƙali karɓar kyautar mai shari'a a gabansa, domin in baki ya ci ido kan ji kunya. A Wisconsin kuwa, tun 2010 ƙa'idar kotun ta ce gudummawar kamfen kaɗai ba ta tilasta wa alƙali janyewa daga shari'a. Na so in ji ɗayansu ya ce ko ƙa'ida ba ta tilasta ba zai janye. Schimel bai yi wannan alkawari kan Tesla ba, Crawford ba ta yi shi kan jam'iyyar Dimokurat ba, kowa ya ce sai ya ga shari'ar. A nan dukansu sun gaza a wurina, amma na Schimel ya fi nauyi, don mutum ɗaya ne mai ƙara a kotu ya ɗauki kaso mai girma na ɗawainiyarsa. Da ina da ƙuri'a a can, wannan da gogewarta a ɗaukaka ƙara za su sa in ba ta, duk da saɓaninmu.

Crawford ta ci da kusan kashi 55 cikin 100, ta kama aiki a Agusta 2025. A ranar zaɓen kuma, waɗannan masu ƙuri'ar sun amince da fiye da kashi 60 cikin 100 a sanya wajabcin katin shaida cikin kundin tsarin mulkin jihar, dokar da ita ta taɓa yaƙa a kotu. Dokar 1849 kuwa, kotun ta yanke a Yuli 2025, huɗu da uku, cewa dokokin da aka yi daga baya sun maye gurbinta, kafin ma Crawford ta hau kujerar.