Canjin masta da bustar birki a tsohuwar Land Cruiser: abin da na gani bayan wata biyar

Motata Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin dizal 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Da ita nake zuwa gona a wajen Doguwa, in ratsa dajin Falgore, in dawo Kano da buhunan masara a baya. Ko ba kaya nauyinta ya haura tan biyu, don haka duk abin da ya taɓa birkinta hankalina ba ya kwanciya.

Abin ya faro ne a hankali. In na tsaya a danja ƙafata na kan birki, sai in ji yana nutsewa kaɗan-kaɗan har ya kusa taɓa ƙasa. Man birki kuma yana raguwa a kofinsa, amma ko ɗigo ɗaya ban taɓa gani a inda take kwana ba. Bara an canza min robobin cikin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka birki, aka samu sauƙi na ɗan lokaci, ciwon ya dawo. Daga baya sai birkin ya koma tauri kamar dutse, kuma duk takawa sai in ji wata iska tana huci a ƙarƙashin sitiyari. Ranar da na gangaro daga wajen Riruwai da kaya, sai da na miƙe a kan birkin da dukkan ƙarfina, ina rage giya, kafin ta yarda ta tsaya. Washegari na kai ta gareji.

Makanikena bai kwance komai ba da farko. Ya kashe inji, ya taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ya danne, sannan ya tayar da mota. Busta ita ce baƙin gangan da ke bayan masta, mai ƙara wa ƙafa ƙarfi in an taka birki. In lafiyayya ce, birkin zai ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafa da zarar inji ya tashi. Nawa ko motsi bai yi ba. Bai yanke hukunci nan take ba, don injin dizal ba ya zuƙo wa busta iska da kansa kamar na fetur, famfo ne na daban yake wannan aikin. Ya zare tiyo ya ɗora babban yatsa a baki, ya ji yana ja sosai, ya duba ɗan bawul ɗin da ke hana iska komawa, shi ma ƙalau. Sai da ya cire masta ya haska tocila a cikin baƙin gangan nan, ya kira ni: "Alhaji, zo ka ga inda manka yake tafiya." Man birki ne kwance a cikin busta, fentin ƙasanta duk ya saɓule. Robar bayan masta ce ta saki, man yana tsiyaya ciki, ya cinye fatar da ke riƙe iska. Cikin mastan kuwa tsatsa ta yi masa zane, shi ya sa sabbin robobin bara ba su yi ƙarko ba.

A Ƙofar Ruwa na yi sayayya. Masta na sayi sabo na Aisin, kamfanin Japan da ke ƙera wa Toyota irin waɗannan kayan. Kuɗinsa ya ninka na marasa suna da aka nuna min, na rufe ido na biya. Busta kuwa ta hannu na ɗauka, wadda aka ciro daga mota irin tawa, domin sabuwa ta asali ta fi ƙarfin aljihuna. Duk mai zuwa sayen waɗannan ya tafi da tsofaffin a hannu. Mastan motar da birkinta na baya faifai ne daban yake da na mai ganga, kuma akwai kayan da aka ciro daga motoci masu sitiyari a dama, bakin bututunsu yana kallon wani ɓangaren. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Na ga an lanƙwasa wa wani bututun birki da hannu don ya kai, abin bai yi min daɗin gani ba.

Aikin ya ci wuni guda. Noti huɗun da ke riƙe busta daga cikin mota ake kwance su, sai da yaron gareji ya kwanta rigingine, kansa a wajen kuloci, kafin ya kai gare su. Abin da ya burge ni shi ne an cika sabon mastan da mai, an fitar masa da iska tun kafin a ɗaura shi, aka kuma shimfiɗa tsumma a kan fenti don man birki yana cin sa. Man DOT 3 muka zuba daga sabuwar roba da aka fasa a gabana, saboda wanda ya daɗe a buɗe yana shan danshi. Ni na zauna a kujera ina takawa, shi yana ƙasa yana cewa "Taka, taka, riƙe!" daga taya mafi nisa zuwa mafi kusa. Bai manta da bawul ɗin baya ba, wanda ke raba ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya. Shi ma yana da wajen fitar da iska, kuma da yawa suna tsallake shi.

Sai dai an yi kuskure ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai ɗan sanda da ke fitowa daga busta yana tura masta, ana iya ƙara masa tsawo ko a rage. Ba a auna shi ba. Na fita gwaji birki na kamawa da kyau, amma ban yi kilomita goma ba na ji motar tana nauyi kamar ana jan ta ta baya, ga ƙaurin ƙuna. Na tsaya na kai hannu kusa da ƙarfen tayar gaba, zafi ya buge ni. Sandan ya yi tsawo, yana danne masta ko an ɗaga ƙafa, ya toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa kofi. Man yana zafi yana kumbura, birki yana ƙara kama kansa. Na jira ta huce na lallaɓa na koma. Makaniken bai yi musu ba, ya ce, "Laifina ne, Alhaji, na ɗauka tunda daga irin motar aka ciro ta zai zo daidai." Ya sake cire masta, ya rage sandan har ya zama yana dab da taɓawa ba tare da ya tura ba, bai karɓi ko sisi ba.

Yau wata biyar ke nan. Birkin yana kamawa tun daga sama, da ɗan taɓawa, har sai da na yi kwanaki ina koya wa ƙafata sassauci. Na sake bin gangaren nan da masara a baya, ban miƙe a kan komai ba. Mastan ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Bustar kuwa, tunda ta hannu ce, ban saki jiki da ita gaba ɗaya ba, duk sati sai na yi mata gwajin nan na kashe inji. Da ina da hali sabuwa zan saya. Wanda kuma mastansa ya riga ya zubar da mai a cikin busta, shawarata ya canza su tare, kuma ya tsaya a kan makanike har ya ga an auna sandan nan da idonsa.

Saura tiyoyin roba da ke zuwa tayoyi, na ga sun fara tsagewa ta waje, su zan canza kafin damina. Man da ke kofi dai yana nan a kan layin da muka bar shi.